Huɗubar Juma'a a Gadarif

Hausawan Gadarif, a gabashin Sudan, galibinsu jikokin mahajjata ne da suka nufi Makka da ƙafa, guzuri ya ƙare suka tsaya noma, sai kuma zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi a 1903. Sun zo da karatun Risala da Muhtasar, littattafan fiƙihun Malikiyya, suka tarar da mutanen ƙasar ma Malikawa ne. Saboda haka siffar huɗubar da suka sani ita suka iske.

Liman yakan hau mumbari cikin farar jallabiya da rawani, ya dogara da sanda. Huɗuba biyu ce da ɗan zama a tsakani, ta biyu ta fi ta farko gajarta, yadda malaman Malikiyya suka so. A yi hamdala da salati, a yi wasiyya da tsoron Allah, a kawo aya da hadisi, a rufe da addu'a. Duka da Larabci ake yi. A Kano ko Katsina sai an fassara wa jama'a, amma a nan yaron da ke Hausa da kakarsa a gida, da Larabci yake ciniki a kasuwar riɗi.

Taƙaita huɗuba sunna ce. Muslim ya ruwaito daga Ammar ɗan Yasir cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya tsawaita salla da gajarta huɗuba alamar fahimtar addini. Manomin Gadarif ya fi kowa gane hikimar wannan. Idan riɗi ya nuna wajen watan Oktoba, ba ya jiran kowa. A yi jinkirin yanka, ƙwanso ya buɗe, iri ya zube cikin baƙar ƙasa. Ɗan ƙwadagon da ya ajiye lauje ya zo masallaci yana da haƙƙi a kan liman: ya ji magana ɗaya mai shiga zuciya, ya yi salla cikin natsuwa, ya koma gona.

Doguwar magana tana da wurinta: karatun bayan magariba, zaman maulidi, tafsirin azumi. Nan malami zai baje kolinsa, ya kawo ƙissa, ya yi karin magana, tsofaffi suna gyaɗa kai. Ko can ma akwai iyaka, domin Abdullahi ɗan Mas'ud ranar Alhamis kawai yake wa mutane wa'azi, gudun kada ya gundure su.

Abin da ke damuna shi ne limamin da lasifika ta ruɗa, ya mai da mumbari dandalin lacca har sa'a guda. Shi yana cikin inuwa. Waɗanda ba su sami wuri a ciki ba suna kan tabarma a waje, cikin ranar Afrilu mai wuce digiri 40, da tsoho mai ciwon gwiwa, da direban da ya bar lodin dawa a bakin hanya.