Abincin Saye: Wanne Ke Ruɓewa, Wanne Ke Bushewa?

Ranar Laraba kasuwar Tsibiri take ci. Ta Maraɗi kuma Litinin da Juma'a. Mai cin kasuwa yakan baro gida tun da asuba. Kafin azahar yunwa ta kama shi. Sai ya nufi wajen masu ƙosai, ko masa, ko tsire, ko shinkafa da wake. Wani kuma ya zauna wajen mai shayi, a soya masa ƙwai a sa cikin burodi. In ya ci ya rage, sai ya ƙulle cikin leda, ya kai wa yara tsaraba.

Irin wannan abinci shi ne abincin gaggawa: a saya nan take, a ci nan take. To, in ba a ci nan take ba fa? In aka aje shi cikin ɗaki, mene ne ke samunsa? Sanin amsar wannan tambaya yana iya hana yaro kwanciya gidan likita.

Labarin burodin da ya ƙi ruɓewa

Akwai wani labari da ke yawo cikin wayoyin salula. A ƙasar Aisilan, can arewacin Turai inda ake tsananin sanyi, kamfanin sayar da abinci mai suna McDonald's ya rufe shagunansa a shekarar 2009. Kafin a rufe, wani mutum ya sayi hambaga da soyayyen dankali, ya aje. Hambaga burodi ne da aka raba biyu, aka sa soyayyen niƙaƙƙen nama a tsakani. A 2019, bayan shekara 10, aka nuna hotonsa a duniya. Bai yi tsutsa ba. Bai yi fumfuna ba. Kamanninsa kusan suna nan yadda suke.

Mutane da yawa suka ce lalle an zuba masa magani mai ƙarfi. Wasu suka ce ai ba abinci ba ne, roba ce.

A 2010 wani gwanin dafa abinci a Amurka, mai suna Kenji López-Alt, ya yi gwaji a kan wannan magana. Ya sayo hambagar kamfanin. Ya kuma soya tasa a gida da nama zalla, daidai girman ta kamfanin. Ya aje su duka a fili cikin ɗaki. Ta kamfani ta bushe, ta gida ma ta bushe. Babu wadda ta ruɓe. Amma manya masu kauri sun yi fumfuna. Waɗanda ya rufe cikin leda su ma sun yi fumfuna, na kamfani da na gida baki ɗaya.

Ashe asirin bushewa ne. Naman siriri ne, an soya shi sosai, ga gishiri. Ruwansa ya fita da wuri. Gaskiya ne wasu gidajen burodi suna sa ɗan maganin hana fumfuna. Amma wannan magani kwanaki kaɗan yake ƙara wa burodi, ba ya kai shi shekaru.

Mahauta sun riga kowa sani

Wannan ba sabon ilimi ba ne a ƙasar Gobir da Katsina. A dubi tsire da kilishi. Daga sa guda ake iya yin su duka biyu. Tsire in ya kwana biyu a lokacin zafi, sai ya yi wari. Kilishi kuwa yakan yi watanni, har a yi guzurin doguwar tafiya da shi.

Ina bambancin? Ɗanyen nama, in aka kasa shi kashi 4, kusan kashi 3 ruwa ne. Mahauci yakan fere naman kilishi ya yi shara-shara. Ya shanya shi a rana. Ya tsoma shi cikin labu mai tunkuza da gishiri da yaji. Ya sake shanyawa, sannan ya gasa. Ruwa ya fita sarai. Tsire kuwa gashi ɗaya ake yi masa, cikinsa yana nan da danshi.

Haka ƙuli-ƙuli yake daɗewa, ƙosai ba ya daɗewa. Cuku yana daɗewa, madara ba ta kwana. Matan Jiratawa suna shanya zogale da kuɓewa da tumatir, su yi miya da su har rani ya wuce. Ɗanyen tumatir kuwa kwana kaɗan yake yi. Hambagar Aisilan ƴar uwar kilishi ce ta wajen bushewa. Sai dai shi kilishi da gangan aka busar da shi don a ci. Ita kuwa bushewa ta yi a aje, ba mai cin ta.

Su wa ke ruɓar da abinci?

Abinci ba ya ruɓewa don kansa. Wasu ƙananan halittu ne ke cin sa. Ido ba ya ganin su, sai da madubin likita. Wani masani na ƙasar Faransa mai suna Louis Pasteur ya tabbatar da haka wajen shekarar 1860. Suna cikin ƙura. Suna cikin ruwa marar tsabta. Suna bisa hannu, da wuƙa, da ƙafafun ƙuda.

Kafin su yaɗu suna bukatar abu uku:

1. Danshi. In babu ruwa cikin abinci, ba sa iya hayayyafa.
2. Ɗumi. Sun fi son zafi tsakanin digiri 5 da digiri 60. Zafin jikin mutum, digiri 37, shi ne daɗinsu.
3. Lokaci. In sun sami danshi da ɗumi, ƙwaya guda takan rabu biyu cikin minti 20.

Ga lissafi don masu koyon ƙidaya. A ce ƙwaya 1 ta faɗa cikin kwanon shinkafa da ƙarfe 8 na safe.

Ƙarfe 9: ƙwaya 8
Ƙarfe 10: ƙwaya 64
Ƙarfe 11: ƙwaya 512
Ƙarfe 12: ƙwaya 4,096
Ƙarfe 1: ƙwaya 32,768
Ƙarfe 2: ƙwaya 262,144
Ƙarfe 3: ƙwaya 2,097,152

Cikin awa 7, guda ta haura miliyan 2. Ƙuda kuwa ba ƙwaya guda yake kawowa ba.

Zafin ɗaki ba ɗaya ba ne

Ɗakin Bature a Turai yakan tsaya wajen digiri 20. Ƙasar Maraɗi daban take, kuma kowane lokaci na shekara da halinsa.

Da ɗari, iskar hunturu busasshiya ce. Burodi in ya kwana a fili sai ya ƙandare kamar itace. Da wuya ya yi fumfuna.

Da bazara, a watan Afrilu da Mayu, zafin rana yakan wuce digiri 40. Ɗaki mai rufin kwano ya zama kamar tanda. Abinci mai ruwa-ruwa, kamar miya da wake da taliya, nan da nan yake lalacewa.

Da damina ga ɗumi ga laima. Komai ba ya bushewa da wuri. A lokacin ne burodi ke yin fumfuna, ƙuli-ƙuli ya yi taushi, kilishi ma ya saki in ba a adana shi da kyau ba.

Leda tana ƙara ɓarna. In aka ƙulle masa ko tsire da zafinsu, tururi ba ya samun hanyar fita. Sai ya koma ruwa, ya jiƙa abincin. Danshi da ɗumi sun haɗu wuri guda, saura lokaci.

Inda haɗarin yake

Nan ne ya kamata kowa ya buɗe kunne. Abincin da ya yi wari ko yauƙi ko yami, kowa yana gane shi, ya zubar. Amma ƙwayoyin da ke sa amai da gudawa sau da yawa ba sa canja kamannin abinci. Ba sa canja ƙamshinsa. Harshe ma ba ya jin su. Shinkafa tana iya zama fara tas, alhali ta cika da cuta. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wajen abincin da ya daɗe a aje, ido bai san ƙima ba.

Akwai kuma ƙwayoyin da ke zuba dafi cikin abinci. Irin na shinkafa suna jure dahuwa. In shinkafar ta huce ta daɗe a aje, sai su farka, su yi dafi. Wannan dafi ko an ɗumama abincin ba ya mutuwa. Wasu kuma daga miki ko ƙurjin hannun mai tuya suke shiga. Mutum ya ci, kafin awa 6 amai ya taso masa.

Fumfuna ma ba abin wasa ba ce. Wadda ke kama gyaɗa da masara tana iya yin wani dafi mai lalata hanta. A ƙasar Kenya, a 2004, mutum 125 suka mutu bayan sun ci masarar da ta yi fumfuna. Gyaɗa kuwa ita ce uwar ƙuli-ƙuli da labun kilishi. Don haka gyaɗar da ta yi baƙi, ko kore-kore, ko ɗaci, a tsince ta a zubar. Kada a ba yara, kada a ba dabbobi.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ƙiyasi. Ta ce kowace shekara mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo saboda gurɓataccen abinci, wato kusan mutum 1 cikin 10. Daga cikinsu 420,000 suke mutuwa. Yara ƴan ƙasa da shekara 5 su ne 125,000. Afirka ce ta fi ɗaukar wannan nauyi. Jihar Maraɗi ta ga irin wannan masifa a 2018, lokacin da kwalara ta ɓulla a yankin Madarunfa. Kwalara ta ruwa da abinci take bi.

Wanne ya fi saurin lalacewa?

Masu saurin lalacewa: shinkafa da wake, taliya, dambu, ɗan wake, awara, alala, kwaɗon zogale, salati, ƙwai, kifi, tsire, balangu, kayan ciki, da duk burodin da aka shafa wa mayones.

Masu ɗan jurewa: ƙosai, fanke, masa. Bayansu ya soyu, amma cikinsu da danshi. Na safe ba na dare ba ne. Nono da fura ma tsami yana ɗan kare su. Amma in aka dama su da ruwa marar tsabta, tsamin ba ya isa.

Masu daɗewa: kilishi, ƙuli-ƙuli, cuku, soyayyar gyaɗa, biskit. Su ma sharaɗinsu guda: kada laima ta taɓa su. Kuma mansu yakan canja ɗanɗano in sun tsufa.

Abin da mai saye zai yi

1. A sayi abin da aka ga an tsamo daga wuta, da zafinsa.
2. A ci shi kafin awa 2. Da bazara, kafin awa 1 ya fi.
3. In tafiya da nisa, tsarabar yara ta zama busasshiya: kilishi, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, ko ƴaƴan itace masu ɓawo kamar lemo.
4. Kada a ƙulle abinci mai zafi cikin leda a bar shi yini guda bisa amalanke.
5. A wanke hannu da sabulu kafin a ci.
6. Kada a ba ƙaramin yaro, ko mai ciki, ko tsoho, ko majinyaci abincin da ya wuni a aje.

Abin da mai sayarwa zai yi

1. A dafa kaɗan-kaɗan, daidai ciniki.
2. A bar tukunya bisa garwashi, abinci ya zauna da zafinsa.
3. A rufe tire da ƙyalle mai tsabta, ko faifai, ko raga, don ƙuda da ƙura.
4. Wuƙa da katakon ɗanyen nama daban, na gasasshe daban.
5. A ɗebi abinci da cokali ko matsami. Hannun da ya karɓi kuɗi kada ya taɓa abinci.
6. Kada a haɗa kwantan jiya da na yau.

Mai abinci mai tsabta ba ta rasa masu saye. Wanda ya ci nata ya kwana lafiya, gobe wajenta zai koma.

A cikin gida

Iyaye mata sun saba tafasa miya kafin a kwanta, su sake tafasa ta da safe. Wannan al'ada ce mai kyau, a riƙe ta. Ɗumame ma haka: a yanka tuwon ƙanana, a bar shi ya tafasa har cikinsa ya yi zafi. Ɗan ɗumi-ɗumi ba ya kashe komai. Shinkafar da ta kwana a ɗaki da bazara kuwa, barin ta ya fi cin ta. Asarar kwano guda ba ta kai kuɗin magani ba. Mai firijo kuma ya tuna cewa in wuta ta ɗauke ta daɗe, firijo akwati ne kawai.

In ciwo ya kama

Abin da ke kashe mai gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. A fara ba shi ruwa nan da nan. A karɓo ƙullin garin gishiri da sukari daga gidan likita, a zuba ƙulli 1 cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. In babu, a haɗa a gida: lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Mai shan mama a ci gaba da ba shi mama.

A garzaya gidan likita in an ga jini cikin bayan gida, ko gudawa fara kamar ruwan wankin shinkafa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko idanun yaro sun faɗa, ko ya kasa sha. Kada a jira gari ya waye. In mutane da yawa suka kamu bayan cin abinci guda, a gidan biki ko suna, a sanar da mai gari da ma'aikatan lafiya.

Tambayoyi don tattaunawa a ajin yaƙi da jahilci

1. Me ya sa kilishi ke daɗewa, tsire ba ya daɗewa?
2. Waɗanne abubuwa uku ƙwayoyin cuta ke bukata?
3. In ƙwaya 2 ta faɗa cikin abinci da ƙarfe 8, nawa za su zama da ƙarfe 10?
4. Wace tsaraba ta fi dacewa a kawo wa yara daga kasuwar Tsibiri da bazara?

Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa. Rigakafi ya fi magani.