Kukan Haƙoran Giyar Inji

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar motar Tudun Wada ya san siririn kukan nan da mota ke yi idan direba ya sa ribas. Dalili kuwa shi ne haƙoran giyar baya miƙaƙƙu ne, kowane haƙori yana bugun ɗan'uwansa gaba ɗaya. Giya mai haƙora 30 da ke juyawa sau 50 a daƙiƙa tana yin bugu 1,500 ke nan a daƙiƙa, shi ne kunne ke ji kamar fito.

Al'amarin ya fi tsanani a jirgin sama, inda sandar tabain ke gudun da fankar gaba ba ta iya jurewa. Injin Pratt & Whitney na jirgin Airbus A320neo, wanda ya fara jigila a 2016, yana da akwatin giya mai rage wannan gudu kusan ninki uku. Injiniyoyi sukan yanka haƙoran a karkace domin su riƙa shiga juna sannu a hankali, su ɗan goge bakinsu, sannan su wadata su da mai. In an bar jijjiga, takan gajiyar da ƙarfe har ya tsage, sararin sama kuwa babu bakanike.

Kunne ma yana shan wahala. Ƙwayoyin gashin da ke can cikinsa, in ƙara ta kashe su, ba sa sake tsirowa. Haɗarin yana farawa daga desibel 85 na tsawon awa takwas, kuma tsohuwar tarakta a gonakin masarar Doguwa tana iya zarce haka.