Me ya sa dashen gwamnati ke bushewa, gawon manomi kuma yana rayuwa?

Matasan da ke buga wasan Minecraft sun san sharuɗɗan raya bishiya a cikinsa: a dasa tsiro a kan ƙasa, a tabbatar akwai haske da sarari a samansa, a zuba masa garin ƙashi in ana gaggawa. Babu rani a wasan, kuma akuyar da ke cikinsa ba ta cin tsiro. Yadda ake gudanar da bukukuwan dashen itatuwa a Najeriya ya yi kama da wannan lissafi, domin adadin da aka dasa kaɗai ake sanarwa.

A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawari a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa Najeriya za ta dasa itatuwa miliyan 25. Kano na cikin jihohi 11 da shirin Great Green Wall ya shafa, wanda aka kafa wa hukuma ta ƙasa a 2015.

Sai dai a gonakin Dambatta, Makoɗa da Kunci, ruwan sama yakan ɗauke a wajajen ƙarshen Satumba, rani ya ɗauki kusan wata bakwai. Tsiron da aka dasa a ƙarshen damina bai kafa saiwa ba. Da an gama girbi ake sakin dabbobi su ci karmami, su haɗa da duk wani ɗanyen ganye. Dashen da ba a killace shi da ƙaya ba, ba kuma wanda aka ɗora wa ban-ruwansa, da wuya ya ga wata damina.

A cikin waɗannan gonaki kuwa gawo, ɗorawa, kuka da tsamiya suna tsaye. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya daɗe yana nazarin karkarar Kano, ya nuna cewa cunkoson jama'a bai ƙarar da itatuwan gona ba, saboda kowace bishiya tana da mai ita. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ga taki, ga 'ya'yan da dabbobi ke ci da rani.

Maraɗi ta gwada wannan hikima tun farkon shekarun 1980, lokacin da Tony Rinaudo da manoma suka fara sassaben zamani: a bar kututturen da ya toho, a zaɓi rassa masu ƙarfi, a sare sauran. Saiwar tana ƙasa tuntuni, ba ta buƙatar ban-ruwa. An ƙiyasta cewa hanyar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar.

Saboda haka, duk sanda hukuma ta sanar da adadin dashe, akwai tambayoyi uku da ya kamata 'yan ƙasa su yi: a gonar wa aka dasa, nawa aka ware wa kulawar rani, kuma guda nawa ke raye a watan Mayu.