Masaukin Araha A Tsallaken Iyaka: A Duba Kafin A Biya

Kowane mako jama'a da yawa suna bi ta Magamar Jibiya, su tsallaka Ɗan Isa, su nufi Maraɗi a ƙasar Nijar. Wasu fatauci ke kai su, wasu zumunci. Tafiyar ba ta da nisa, kimanin kilomita 50 ce daga iyaka. Amma da yawa sukan dawo da kuka ɗaya: sun kwana a mugun masauki. Wani kuɗin cizo ya hana shi barci. Wani ya wayi gari babu jakarsa. In an tambaye su, sai su ce rashin sa'a ne.

Sau da yawa ba rashin sa'a ba ne. Dare ne. Mutum ya baro gida da rana tsaka. Shingayen hanya sun ci masa lokaci, duba takardu ya ci saura. Ya sauka tasha bayan isha'i, ga gajiya, ga kaya. Ɗan kabu-kabu ya ce ya san wuri mai araha. Mai yiwuwa yana da la'ada a wurin. Baƙo ya biya a bakin ƙofa, bai ga ɗaki ba. Wanda ya iso da la'asar kuwa yana da zaɓi. In wuri bai yi masa ba, sai ya ƙara gaba.

Iyayenmu fatake ba su san otal ba, amma ba su kwana a hannun wanda ba su sani ba. Kowane ayari yana da fatomansa. Fatoma shi ne mai masauki. Shi ke ba da ɗaki, ya ajiye kaya, ya nemo mai saye. In wani abu ya ɓace, sunansa ne ya ɓaci. Har yau ana samun irin wannan mai gida a Maraɗi. Don haka kafin mutum ya tashi, ya tambayi direbobin Jibiya da 'yan kasuwar da suka saba hanya. Ya karɓi sunan wuri da unguwarsa, ya rubuta a takarda. Ga amfanin yaƙi da jahilci ke nan.

Sai batun kuɗi, kuma nan ne aka fi yin rigima. Hausa ɗaya ake yi, amma lissafi ya bambanta. A Nijar da dala ake ƙidayar sefa. Dala ɗaya sefa 5 ce. In mai masauki ya ce "ɗari", sefa 500 yake nufi, ba 100 ba. In ya ce "jika guda", sefa 1,000 ke nan. Mu kuwa a nan jaka naira 200 ce. Baƙo ya ji an ce jika biyar, ya ɗauka abin banza ne. Da safe a ce ya kawo sefa 5,000, sai hayaniya ta tashi. Maganinta a sa mai masauki ya rubuta kuɗin da lamba, a kuma karɓi rasit. Canjin naira a yi shi da rana, wurin 'yan canjin da aka sani. Mai canjin dare ba ya tausayin baƙo.

Kafin a biya, a shiga ɗakin. A ɗaga katifa, a haska ɗinkinta da tocila. In an ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe, kuɗin cizo na nan. A gwada sakata daga ciki. A leƙa makewayi, a ga ko akwai ruwa. Da damina a nemi gidan sauro, ko a tafi da shi, domin zazzaɓin cizon sauro ya fi kuɗin ɗaki tsada. Da bazara a tambaya ko fanka na aiki. Wurin da ake kiɗa da shige da fice har tsakar dare, mai iyali ya yi nesa da shi.

Masaukin kirki yakan rubuta sunan baƙo da lambar takardarsa a littafi. Kada a ji tsoron wannan, kariya ce. Wurin da ba a tambayar kowa komai, ɓarawo ma ba a tambayarsa.

A kuma riƙe guzurin kwana biyu ko uku fiye da niyya. An rufe wannan iyaka a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ba sai Afrilun 2022. An sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris 2024. Motoci da matafiya da yawa sun maƙale a lokacin. A Janairun 2025 kuma Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS. Saboda haka mai niyyar tafiya ya fara tsayawa ofishin shige da fice na Magama, ya tambayi takardun da ake karɓa a halin yanzu.