Ƙahon barewar ƙasashen sanyi da karayar mutanenmu

A ƙasashen sanyi akwai wata irin barewa da namijinta ke zubar da ƙahonsa duk shekara, ya tsiro sabo cikin wata uku zuwa huɗu. Ƙahon ƙashi ne tsantsa, kuma a ganiyar tsirowarsa yakan ƙaru da kusan santimita 2 a rana. Babu dabba mai shayarwa da ƙashinta ke girma da saurin nan, shi ya sa likitocin ƙashi suka sa masa ido.

Mutanen Sin sun yi kusan shekara 2,000 suna shan garin ɗanyen ƙahon, har Niyu Zilan ta mai da kiwon dabbar sana'a, tana sayar wa Sin da Koriya. A 2018 Peter Yang da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford ta Amurka suka gano ƙwayoyin gado 2 masu hannu a saurin girmansa da taurinsa. A 2023 kuma mujallar Science ta buga aikin masanan Sin da suka dasa wa ɓeraye ƙwayoyin halittar tushen ƙahon, sai ga guringuntsi da ƙashi sun tsiro musu a ka.

To, a lura, dasawa aka yi, ba sha aka ba su ba, kuma ɓera ba mutum ba ne. Masu tallar garin suna yawan ambaton sinadarin IGF-1 da ke cikinsa, alhali furotin ne, ciki na narkar da shi kamar tsokar nama. Wanda kuma aka nuna wa ƙahon barewa ko na gada a shimfiɗar mai magani ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, ya sani namu dabam ne: kube ne na sinadarin kofato da ya rufe ƙashi, ba ya zubewa balle ya sake tsirowa.

Batun karayar mutanenmu kuwa, ɗan acaɓan da ya faɗi a hanyar Gagarawa, ko manomin Sule Tankarkar da amalanke ta taka, ƙashinsa da kansa zai haɗe. Jini ya daskare a wurin, guringuntsi ya biyo, sannan ya taurare cikin mako 6 zuwa 12. Bukatarsa a daidaita bakin ƙasusuwan, a hana su motsi, a bar jini ya gudana. Gwanayen masu ɗori sun daɗe da sanin biyun farko, kuma ban ga dalilin raina su ba. A na ukun ake ɓarna. Idan aka tamke karare da tsumma a kan gaɓar da ke kumbura, jini ya tsaya, nama ya mutu, ƙarshenta a yanke hannu ko ƙafa.

Idan yatsu suka yi sanyi, suka dushe ko suka daina ji, a sassauta ɗaurin nan take a nufi Babban Asibitin Gumel. Karayar da ƙashi ya huda fata kuwa ba ta ɗori ba ce, ta asibiti ce tun ranar farko, ko da za ta kai ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.