Ɗumame da ƙanzo a gidajen Keita

Duk wanda ya taɓa kwana a Keita, ko Tamaske, ko wani gari na Adar, ya san ƙamshin da ke tashi daga madafa bayan sallar asuba. Tuwon jiya ne uwargida ta yayyanka cikin tukunya, ta zuba masa sauran miyar kuka da ɗan ruwa, ta bar shi bisa wuta har ya tafasa. Da wannan ɗumame manomi ke kama hanyar gona, da shi ɗan lakkal ke karya kumallo.

Gindin tukunya ma yana da nasa rabo. A kankare ƙanzo, a shanya shi ya bushe ƙamas, a adana. Ranar da hannu ya yi gajere sai a jiƙa shi, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da yaji da albasa da ɗan man gyaɗa. Tuwon da ya yi yauƙi na tumaki ne, haka ma dusa da ƙasarin wankin gero. Abin da ya saura cikin kwano da dare kuwa, almajiri yana bakin zaure yana jiransa.

Wahala ce ta ƙarfafa wannan tarbiyya. Dattawan yankin sun ga farin 1973 da na 1984. A wannan shekara ta 1984 ne aka soma babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin ƙasar Italiya, tare da hukumar FAO, inda hukumar PAM ke biyan masu aiki da abinci. Mafi yawan masu jidar duwatsu da dashen itatuwa mata ne. Macen da ta yini tana ɗaukar dutse a ka don ta kai cimaka gida, ba sai an yi mata wa'azi a kan almubazzaranci ba. Ma'aikatan gwamnati su ma sun ɗanɗana: a watan Janairu na 1994 darajar sefa ta karye da rabi, albashi yana makara watanni, gidaje da dama suka koma wa ɗumamen da suka raina.

Abin takaici, da zarar an sami sauƙi sai rainin ya dawo. A gidan wani babban ɗan kasuwa ko ma'aikaci, ana ganin abin kunya ne a ce mai gida ya karya da tuwon kwana. Sai a aiki yaro ya sayo burodi, alhali rabin tiyar da aka tuƙa jiya tana cikin kwano tana jiran juji. Ba mu kaɗai ba ne: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a 2022 an zubar da abinci fiye da tan biliyan 1 a duniya, kashi 60 cikin 100 daga cikin gidaje.

Sai dai a nan akwai gyara, kuma ya shafi shinkafa, wadda ta mamaye tukwanen masu albashi. Akwai wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira Bacillus cereus, wadda dahuwa ba ta kashe irinta. Idan dafaffiyar shinkafa ta kwana a rufe cikin zafi, kamar na watan Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ƙwayar takan hayayyafa ta saki dafi. Ɗumamawa ba ta karya wannan dafi, ko da an tafasa. Sakamakon shi ne amai cikin ƴan awoyi, kuma yara ƙanana sun fi jin jiki. Sau da yawa shinkafar ba ta sauya wari ko launi ba, shi ya sa uwargida ke ɗora laifin a kan ruwa ko rana.

Don haka a auna shinkafa daidai bakunan gida tun kafin a ɗora tukunya. In ta ragu, mai firigo ya baza ta cikin faranti ta huce, ya sanya ta ciki kafin awa biyu, a cinye washegari. Wanda ba shi da firigo, ko wanda wutar unguwarsu ke yawan ɗaukewa, ya miƙa wa maƙwabci ko almajiri tun tana da ɗumi, a daren da aka dafa ta.