Wa Ke Riƙe da Kasuwar Dara ta Tunis?

Baƙon da jirgin ruwa ya sauke a tashar La Goulette, ko wanda ya taso daga kufan Carthage yana neman tsaraba, hanya ɗaya ake bi da shi: ya shiga tsohon birnin Tunis ta ƙofar Bab Bahar, ya haura lungun da ke kaiwa Masallacin Zaituna. Lungun nan cike yake maƙil da faranti masu zane, da raƙuman roba, da turare, da yara masu kiran ciniki cikin harsuna huɗu ko biyar. Bayan masallacin kuwa, wajen Kasba, akwai rumfunan masu yin dara, waɗanda Muhammad Bey al-Muradi ya gina a ƙarshen ƙarni na 17. Can shiru ake ji, sai ƙarar karta a jikin hula da ta kofin shayi, domin wasu shagunan masu ƙofofin katako da sassaƙa sun koma wurin shan gahawa. Ɗan yawon buɗe ido sai ya yanke hukunci cewa sana'ar ta mutu, kuma da irinsa za su yawaita da ta farfaɗo. Ni ina ganin ya yi kuskure a duka biyun. Sana'ar tana jin jiki, amma ba kuɗinsa ne ke riƙe da ita ba, kuma ba zai taɓa zama shi ba.

Sai an san wahalar hular kafin a gane dalili. Musulmin Andalus da aka kora daga Sifen a 1609 su ne suka ɗaukaka wannan aiki a Tunis, kuma tsarin da suka kafa ya raba shi gari-gari. Mata ne ke saƙa farin ulu a gidajensu, musamman a Ariana, su fitar da wata ƙatuwar hula sako-sako wadda kai biyu za su shiga. Daga nan a kai ta El Battan, bakin kogin Majarda, a yi ta bugu cikin ruwa da sabulu har ta tsuke, idon saƙar ya ɓace gaba ɗaya. Sannan ta dawo hannun mai shago, ya ɗora ta a gwiwa yana karce ta da busasshen kan wata ƙaya da ake nomawa a El Alia, ya bi gashin da ya tashi da almakashi yana daidaitawa. Rini a da a Zaghouan ake yi, saboda ruwanta. A ƙarshe a ɗora a zubi, a matse, mai shagon ya ɗinka alamar gidansa a ciki. Ulun ma daga waje ake sayo shi da kuɗin waje. To mutumin da ya ɗauki wannan hula ya taya rabin kuɗi, don littafin jagora ya ce masa haka ake yi a kasuwar Larabawa, me yake so a ce masa ban da albarka? Ya ƙara kaɗan, a sake cewa albarka, ya sa ta a ka ya ɗauki hoto, ya ajiye, ya koma lungun raƙuman roba ya sayi ta inji a kashi ɗaya cikin uku na kuɗin.

Wanda ke sa a kunna tukunyar rini shi ne ɗan sari, mai ƙirga da dozin. Mafi yawan darar da Tunis ke yi waje take fita, kuma kan da ke sa ta yana Libiya, da Nijar, da Najeriya. Mutanen Tarabulus baƙa suke so, namu na Nijar da Najeriya kuma ja ko baƙa, wadda malami zai naɗa rawani a kai, ko dattijo ya karya ta ranar Juma'a. Wannan hanya ba sabuwa ba ce: fataken Gadamas sun daɗe suna kai kayan arewa Kano suna komawa da fata da gashin jimina. Bambancin masu sayen biyu a fili yake. Ɗan yawo sau ɗaya zai saya a rayuwarsa, kuma bai san mai kyau ba. Mai sawa kuwa zai murza ta a hannu, ya duba ko tana zuba, in ta tsufa ya nemi alamar gidan da ya saba.

Za a ce ai yawon buɗe ido na cikin manyan hanyoyin da Tunisiya ke samun kuɗin waje, kuma shigar tsohon birnin cikin jerin UNESCO a 1979 ta hana a rushe rumfunan. Gaskiya ne, ginin ya tsira. Amma gini daban, mai aiki a ciki daban. Bayan harin gidan tarihi na Bardo da na Sousse a 2015, jiragen yawo sun daina zuwa, lungun Zaituna ya yi tsit, alhali dattijon Zinder bai daina sa hula ba. Hukuma kuwa ta fi son abin da ke kyau a hoto: ranar 16 ga Maris ta kowace shekara ma'aikata su sa kayan gargajiya, washegari dara ta koma akwati. Da rabin wannan ɗoki ya tafi wajen sauƙaƙa harajin ulu da hanyar biyan kuɗi tsakanin Tunis da Kano, da an ga bambanci.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce, mu ma ba abin dogaro ba ne. Yaƙin Libiya na 2011 ya toshe babbar kasuwa da hanyar mota zuwa kudu, faɗuwar naira ta sa hular ta fi ƙarfin mutane da yawa, ga kuma darar masana'antar Strakonice ta ƙasar Cek, wadda tun ƙarni na 19 take cin kasuwar Tunis da araha. Ban musa ba. Sai dai duk waɗannan matsalolin ciniki ne, irin waɗanda ake warwarewa da farashi, da hanya, da bashi tsakanin dillali da mai kaya. Matsalar mai yawo ba ta da magani, domin shi bai damu da hular ta yi ƙarko ba, kuma mai sayen da bai san aibi ba yana koya wa mai sana'a ha'inci. Ga shi yawancin masu karta a rumfunan nan furfura ta cika musu kai, samari kuma sun fi son tsayawa a Bab Bahar suna jan baƙi zuwa shagon darduma, inda la'adar yini ɗaya kan fi abin da almajirin mai dara zai samu a mako.